Tsohon bangalo a GRA ta Zariya: daga ina ya fito, kuma a rushe shi ko a bar shi?

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana wani tsohon gida a GRA ta Zariya, wanda ya saya lokacin da gwamnati ta sayar da gidajenta. Ba bene ba ne, amma sai an taka matakala huɗu kafin a shiga. Baranda ta zagaye shi ta gefe uku, rufinsa kwano ne mai tsawo, kicin yana can baya a ware, ga wasu 'yan ɗakuna a ƙarshen fili, har da wurin hura wuta a falo mai bututun hayaƙi. Yayyena maza sun ce a rushe a gina gidajen haya. Ni raina bai so ba, amma ba ni da hujja. Wane irin gini ne wannan, yaushe aka yi shi, kuma yana da wata daraja da za ta sa a bar shi?" (Wata mai karatu daga Zariya)

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya jiƙan Baba da rahama, ya haɗa kanku a bayansa. In na fahimce ki, abu uku kike nema: asalin wannan fasali na gini, hanyar da za ki gane shekarunsa, da hujjar da za ki riƙa ranar da kuka zauna da yayyenki. Ni sana'ata zanen gine-gine ce, kuma yawancin aikina gyaran tsofaffin gidaje ne a Zariya da Kaduna da Jos, don haka gidan da kika siffanta ba baƙo ba ne a wurina. Bangalo ne, irin wanda gwamnatin mulkin mallaka take gina wa manyan ma'aikatanta. Tun yanzu zan gaya miki inda na karkata: in dai harsashinsa da bangonsa da katakon rufinsa lafiya suke, rushe shi asara ce. Ba don ya tsufa ba, ba kuma don Turawa sun kwana a ciki ba. Dalilin yana cikin yadda aka tsara shi, shi ya sa sai mun ɗan koma baya.

Daga Bengal zuwa bakin Kwara

Wannan fasali ba a Ingila ya tsiro ba. Asalinsa Bengal ne, yankin da yau ya rabu tsakanin Bangladesh da gabashin Indiya. Manoman can suna gina bukka a kan tudun ƙasa da suka ɗaga saboda ambaliya, su yi mata jinka mai saukowa ƙasa sosai saboda yawan ruwan sama. Ma'aikatan kamfanin East India Company sun fara kwaikwayonta tun ƙarni na 17. Suka faɗaɗa ta, suka zagaye ta da baranda, ta zama gidan hafsan soja da na mai karɓar haraji. A ƙarni na 19 har kan manyan hanyoyin Indiya an jera irinsu zango-zango don saukar matafiyan gwamnati. Sai daga baya fasalin ya isa Ingila, inda aka gina na farko-farko a bakin teku a gundumar Kent wajen 1870 don masu zuwa hutu, sannan ya tsallaka Amurka ya zama gidan masu matsakaicin ƙarfi. Daga 1908 wani kamfanin Amurka mai suna Sears ma ya riƙa sayar da gidaje a wargaje, a turo wa mutum katako da ƙusa ta jirgin ƙasa ya harhaɗa abinsa. Wancan reshen bai shafe mu ba. Namu ta hannun soja ya zo, da darasin Indiya a kansu. Lugard kansa, shugaban mulkin Turawa na farko a Arewa, a garin Madras na Indiya aka haife shi a 1858, kuma ya yi aikin soja a Indiya kafin ya shigo Afirka.

Ranar 1 ga Janairu 1900 Lugard ya kafa tutar Ingila a Lokoja. Gidajen da manyan jami'ansa suka fara zama a ciki ba a nan aka sassaƙa su ba. Katako ne da ƙarfe da aka yanka a Ingila, aka ɗoro a jirgin ruwa, aka hauro da su Kwara, aka harhaɗa a kan ginshiƙai. Wasu suna nan tsaye, kuma a cikin ɗaya daga cikinsu gidan tarihin mulkin mallaka na Lokoja yake. In hanya ta bi da ke, ki tsaya ki leƙa ƙarƙashinsa, za ki ga kakan gidanku. Hedkwata ta koma Zungeru a 1902, sannan Kaduna a 1917, kuma duk inda ta sauka sai ta bar irin wannan gini.

Me ya kai shi can nesa da birni?

Turawa sun kafa sansani a Zariya a 1902, zamanin Sarki Kwasau. Amma abin da ya sauya gini a garin ba bindiga ba ce, jirgin ƙasa ne. Layin Baro zuwa Kano ya ratsa ta Zariya ya isa Kano a 1911, sannan aka ja ƙaramin layi daga Zariya zuwa ma'adinan kuza na Jos. Kafin dogo, duk fallen kwano da gangar siminti a kan ɗan dako ko a bayan jaki suke zuwa, saboda haka Di'o ma, wato Baturen mulki na yanki, a ɗakin ƙasa mai jinka yake kwana, wanda maginan gari suka gina masa. Da dogo ya zo, kwano da siminti da gilashi da ƙusa suka fara sauka a tasha, ma'aikatar ayyuka ta gwamnati, wato PWD, ta shiga gina gidaje bisa zane ɗaya da take maimaitawa daga lardi zuwa lardi, girman gida gwargwadon muƙamin mai shiga. Shi ya sa za ki ga gidanku a Zariya, ki je Minna ko Kafanchan ki ga tagwayensa.

Wurin da aka ajiye shi kuwa yana da nasa labarin, kuma ba mai daɗi ba ne. A 1897 wani likitan soja mai suna Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne yake ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Hukumomin mulkin mallaka suka fake da wannan binciken suka ce maganin zazzaɓin Bature shi ne a nesanta makwancinsa da na baƙar fata. Dokar tsara garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa wannan tsari, aka bar tazarar yadi 440, kimanin mita 400, wadda ba a gini a cikinta, tsakanin unguwar Turawa da sauran jama'a. Irin waɗannan filaye ne sau da yawa aka mayar filin golf ko na sukuwa. Haka Zariya ta kasu: birni a cikin ganuwa, Tudun Wada a bakinsa, sannan a tsallaken Kubanni ga Sabon Gari, ga bariki. A takardun farko ma unguwar sunanta keɓaɓɓen wurin Turawa, sai daga baya aka mayar da shi keɓaɓɓen wurin gwamnati, wato GRA.

'Yan ɗakunan nan da kika ce suna ƙarshen fili su ne suka tona asirin wannan hujja. Nan kuku da boyi da mai kula da doki suke kwana, taku kaɗan daga gadon maigida. Ashe sauron da ake gudu ba ya cizon mai dafa abinci. Ina faɗin wannan ne don kada ki je wa yayyenki da zancen cewa gidan abin alfahari ne. Shaida ce ta wani zamani, da kyansa da muninsa. Kuma hannuwan da suka ɗora shi namu ne: maginan Zazzau, garin da ya fitar da Babban Gwani wanda ya gina masallacin Juma'a na birni a ƙarni na 19, da kafintoci da birkiloli daga Legas da Saliyo da Gwalkwas (Ghana ta yau) da suka zauna a Sabon Gari, da leburorin da ba kowanne ne ya zo da son ransa ba.

Kowane ɓangare da aikinsa

Mu fara da matakalar nan huɗu. An ɗaga daɓen gidan ƙafa biyu zuwa uku daga ƙasa don laimar damina kada ta hau bango, don gara ta sha wahala kafin ta kai ga katako, don maciji da kunama, kuma don iska ta fi kaɗawa a ɗan sama. A wasu gidajen cikon ƙasa ne aka daɓe, a wasu kuma ginshiƙai ne da sarari a ƙarƙashi. In naku na ginshiƙai ne, ki duba saman kowanne, sau da yawa akwai faifan ƙarfe da aka lanƙwasa bakinsa ƙasa don ya tare hanyar gara.

Baranda ita ce zuciyar lissafin. Mutane suna ɗaukarta wurin shan iska da yamma, kuma haka ne, amma babban aikinta shi ne hana rana taɓa bangon ɗaki. Rufin yana yi wa gidan abin da malafa take yi wa manomi: inuwa ta sauka tun kafin zafi ya kai jiki. Bangon da rana ba ta doka ba, ba ya tara zafin da zai saki cikin dare. Sannan baranda tana kare bango daga ruwan da iska take kaɗowa, wanda a ƙasarmu ya fi zuwa ta gabas. Duk maginin gargajiya ya san bangon gabas ne yake fara zaizayewa. Waɗanda na auna, faɗin barandarsu yakan kai ƙafa takwas zuwa goma. Wadda ba ta kai ƙafa shida ba ado ce kawai.

Ki shiga ɗaki ki ɗaga kai. Silin zai kai ƙafa goma sha biyu, wani lokaci fiye. Iska mai zafi sama take tashi, don haka mai zaune a kujera yana ƙarƙashinta. Tsakanin silin da kwano akwai babban sarari, kuma in kin duba daga waje, can sama kusa da ƙololuwar rufi ko a ƙarƙashin bakinsa, za ki ga 'yan kafofi masu raga. Ta nan zafin kwano yake fita. Ɗakunan kuma a jere suke, kowanne da ƙofa ko taga ta gaba da ta baya suna kallon juna, don iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Gidan da aka daidaita da kyau, doguwar fuskarsa arewa da kudu take kallo, gajerun ɓangarorinsa ne suke karɓar ranar safe da ta la'asar.

Kicin an ware shi ne saboda da itace ake girki: hayaƙi, zafi, da tsoron gobara tun zamanin jinka. Sannan maigida ba ya son jin hayaniyar masu yi masa hidima. Yawanci akwai 'yar rumfa da ta haɗa shi da ɗakin cin abinci don kada ruwa ya doki tuwon Bature a hanya. Ki zagaya bayan banɗaki kuma ki duba gindin bango. In kin ga alamar wata ƙaramar ƙofa da aka toshe, kusan ƙafa biyu, ta nan ake zare bokitin bayan gida da asuba kafin zuwan masai na ruwa. Wannan alama ce mai kyau ta tsufan gida.

Wurin hura wuta kuwa ba kewar gida kawai ba ce ta sa aka yi shi. Gidan da aka tsara don ya zubar da zafi, da hunturu ba ya riƙe ɗumi. Daren Disamba da Janairu a Zariya, iska tana ratsa irin wannan falo har sai mutum ya nemi bargo biyu. A nan soron Bahaushe ya fi shi: katanga mai kauri ta tubali, ƙananan tagogi, rufin azara da ƙasa, ya sha zafin rana ya sake shi a hankali cikin dare. Bangalo kuma ya fi soro daɗi da damina, lokacin da gumi yake hana barci kuma iska kaɗai ce magani. Zariya tana tsakiya, tana samun ruwa kimanin milimita 1,000 a shekara sannan ga dogon rani, shi ya sa bangalon da suka fi kyau a Arewa su ne waɗanda suka haɗa biyun, bango mai kauri da baranda mai faɗi. Wasu Turawan ma sun gane fifikon ginin ƙasa suka zaɓe shi. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, a gidan ƙasa ya zauna, shi ne Gidan Ɗan Hausa. Cocin Wusasa na 1929, a nan kusa da ku, shi ma ginin ƙasa ne irin na Hausa.

Yadda za ki kintaci shekarunsa

Daga wasiƙa ba a yanke wa gini shekara, gani ya kori ji. Amma kayan da aka yi shi da su suna magana, kuma za ki iya saurarensu da kanki.

Ki nemi inda filasta ta ɓalle ki ga abin da ke ciki. In tubali ne ko bulon ƙasa, kuma bangon ya kai kaurin ƙafa biyu, gidan na farko-farko ne, ko da an sa masa kwano daga baya a madadin jinka. In jan bulo ne da aka ɗaura da laka, aka shafe bakin layukan da siminti, to mai yiwuwa tsakanin zuwan dogo ne da shekarun 1930, lokacin da siminti yake zuwa daga waje a ganga kuma ake tattalinsa. Ai sai a 1957 aka buɗe masana'antar siminti ta farko a Najeriya, a Nkalagu. In kuwa bulon siminti ne, to kusan tabbas bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, lokacin da aka yi ta gina gidajen ma'aikata da yawa.

Tagogi ma haka. Ƙyauren katako mai tsaga-tsaga ya fi tsufa. Firam ɗin ƙarfe mai ƙananan gilasai ya biyo baya, sannan luba ta gilashi ta mamaye ko'ina daga shekarun 1950 zuwa 1960. Silin na falanki da aka jera ya girmi na kwali, na kwali ya girmi na asbestos. Jan daɓen siminti mai sheƙi ya girmi tarazo. Garejin mota da aka gina tare da gidan yana nuna ƙuruciya, bargar doki tana nuna tsufa. Sai dai a yi hattara, gidan gwamnati gyara yake sha duk lokacin da sabon maigida ya shigo, don haka tagar 1960 tana iya zama a bangon 1925. A koyaushe abin da ya fi tsufa a jikin gida shi ake bi, ba abin da ya fi fitowa fili ba. Yadda kika siffanta naku, da kicin a ware da murhu da baranda ta gefe uku, hankalina ya fi kwantawa da tsakanin yaƙe-yaƙen duniya biyu. Kintace ne, ba hukunci ba.

Takarda ce za ta raba gardama. Ki fara da fayil ɗin sayen gidan, ki ɗauko lambar fili da lambar kwata, wadda wani lokaci tana nan a rubuce a jikin ginshiƙin ƙofa ko a ɗan faranti a saman ƙofar shiga. Da wannan lamba za ki je KADGIS, hukumar kula da takardun filaye ta Jihar Kaduna, don tarihin filin. Gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana riƙe da fayilolin Lardin Zazzau, kuma a irinsu ake samun taswirar unguwa da jerin gidaje da waɗanda aka ba su. Gidan Arewa (Arewa House), cibiyar binciken tarihi da ke Kaduna, shi ma yana da amfani. Amma kada ki raina tsofaffin unguwa. Tsohon mai gadi ko ɗan tsohon kuku da ya tashi a ɗakunan baya zai gaya miki wane ne ya zauna a gidan, wace shekara aka sa wutar lantarki, wa ya dasa mangwaron da ke ƙofa. Irin wannan ba ya cikin fayil, kuma masu shi suna ƙarewa.

Inda yake cin karo da zamanmu

Yayyenki suna da gaskiyarsu, kuma ya kamata a faɗe ta. Gidan Bahaushe ciki yake kallo: zaure a gaba, katanga a zagaye, tsakar gida a ɓoye inda mata suke sakewa. Bangalo waje yake kallo. An dasa shi a tsakiyar fili, ba katanga sai shingen fure, kowace ƙofa tana buɗewa kan baranda, kuma an yi shi ne don mutum ɗaya ko shi da matarsa. Ɗakunan kwana guda biyu a filin da sau da yawa ya kai eka guda. Iyali mai mutum goma sha biyar ba za su shiga su ji daidai ba.

Abin da mutane suke yi don su magance wannan shi ne yake kashe gidan. An taɓa kirana wani bangalo a Kaduna, masu shi suna kukan cewa da bazara ba ya shiguwa, a tsakar fili suke shimfiɗa tabarma. Na tarar an toshe barandar da bulo an fitar da ɗakuna uku, an sauke silin zuwa ƙafa tara an yi masa ado da fitilu, an cire manyan tagogi an sa na alminiyom masu zamewa waɗanda rabinsu kaɗai yake buɗewa. Da kafinta ya ɓalle silin muka leƙa da tocila, sai ga kafofin iskar nan an cusa musu buhunan siminti saboda jemagu. Zafin da ya bugo fuskarmu daga ciki ya isa bayani. Amma raftocin asali suna nan garau, ƙusa ma da ƙyar take shigarsu. Muka zare buhunan muka sa raga, muka buɗe barandar yamma, muka mayar da silin inda yake. Ɗakunan da aka rasa muka gina su a baya. Maigidan bai ƙara sayen injin sanyaya ɗaki ko ɗaya ba.

Ra'ayina shi ne, matsalar sutura da ta yawan ɗakuna a fili ake magance su, ba a jikin gidan ba. A ja katanga, a yi zaure ko ɗakin baƙi a bakin ƙofa, a gina sabon sashe a baya yadda shi da tsohon gidan da kicin za su rufe tsakar gida a tsakaninsu. Barandar baya sai ta zama rumfar mata. In ana son rufe wani ɓangare nata, a yi da raga ko bulo mai huda, ba da bango ba.

Abin da za a duba kafin a yanke shawara

Ku ɗauko injiniyan gini wanda ba shi ne zai samu kwangilar rushewa ba. Wannan sharaɗin ya fi kowanne muhimmanci. Ya hau cikin silin ya soki katako da sukundireba, musamman inda rafta ta zauna a kan bango, don nan gara take fara ci ta bar fatar waje lafiya. Ya duba gindin bango ko gishiri ya fara cinsa. In ya fara, sau da yawa laifin ba na tsufa ba ne: an cika ƙasa ko an daɓe harabar har ta haura tsayin da aka tsara, ko magudanar da ta zagaye gidan ta toshe, ko an yi wa bangon laka filastar siminti mai ƙarfi da fentin mai, laima ta rasa hanyar fita. Duk waɗannan suna gyaruwa. Tsagar da ta fi siririya a ƙasa ta buɗe a sama, ko wadda ta bi kusurwa a karkace kuma tana ƙaruwa, ita ce abin tsoro, don harsashi ne yake motsi, wani lokaci saboda saiwar bishiya ko tsohon sokawe da ya rufta.

Abu biyu kada a yi wasa da su. Wayarin lantarki na da a cire shi gaba ɗaya, shi ne yake cinye irin waɗannan gidaje da gobara. Sannan in silin ko rufin na asbestos ne, kada a bar lebura ya fasa shi da guduma ko ya yanka shi da zarto. Ƙurarsa tana lalata huhu, kuma cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. A jiƙa shi da ruwa, a kwance shi falle-falle, ma'aikata da takunkumi mai kyau. Tsohon fenti ma yakan ƙunshi dalma, kada a kankare shi a bushe yara suna wurin.

Ta fuskar doka, tsufa kaɗai ba ya kare gida. Hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana kare gine-ginen da aka ayyana ne kawai, kuma gidajen ma'aikata irin naku ba kasafai suke cikin wannan jerin ba. Don haka kada ki dogara da cewa wani zai hana. Sai dai rushewa da gina gidaje da yawa a fili ɗaya suna buƙatar izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, kuma ku karanta sharuɗɗan takardar mallakarku tukuna.

Hujjar da za ta shiga kunnen yayyenki ta kuɗi ce, kuma kina da ita. Tsohon gidan ɗan ɓangare kaɗan ya ci na filin. Ana iya gina gidajen hayar a baya ko a gefe, da ƙofarsu daban, a bar bangalon da bishiyoyin gabansa. Gyararren bangalo a GRA yana samun masu haya na kansa, ofis ko asibiti ko makaranta ko masaukin baƙi, kuma masu irin wannan haya inuwa da fili suke biya. Ku sa a yi muku lissafi biyu a takarda: kuɗin rushewa da kwashe ɓaraguzai da sabon gini a gefe ɗaya, kuɗin gyara da gini a baya a ɗaya gefen. Maganar rabon gado kuwa ta malamai ce da alƙali, ba tawa ba. Abin da na sani daga aiki shi ne ana yi wa gida ƙima, mai son ya riƙe shi ya biya sauran magada, ko a yanka filin yadda gidan zai faɗa kaso ɗaya.

In injiniya ya ce harsashi ya tafi, ko gara ta gama da rufi har gyaran ya fi sabon gini tsada, to ba zan ce ki yi rigima da 'yan'uwanki a kan bulo ba. Sai dai kafin katafila ta shigo, ki nemi ɗaliban sashen zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello su auna shi su zana, a ɗauki hoton kowane ɗaki da kowace fuska, a kwance ƙofofi da tagogi da raftoci da hannu, domin irin wannan katakon ba ya kasuwa yanzu kuma zai yi aiki a sabon ginin.

Kafin nan, ki ɗauko hoto uku ki aiko ta hannun masu wannan shafi: cikin silin inda katako ya hau bango, gindin bangon gabas, da wurin da filasta ta ɓalle har ana ganin bulo. Da su zan iya rage miki tazarar shekarun, in kuma gaya miki ko kiran injiniyan na gaggawa ne ko zai iya jira a wuce damina.